Hanyar Bavariya cikin hunturu: abin da Jamusawa suka yi da kangayen yaƙi

Wanda ya ɗauki motar haya a Frankfurt a watan Disamba ya nufi kudu, abu na farko da zai koya shi ne gajartar yini. Gari ba ya wayewa sosai sai wajen ƙarfe takwas, kafin huɗu da rabi na yamma kuma duhu ya rufe. Musulmi zai ga azahar da la'asar da magariba sun taru cikin sa'o'i huɗu da 'yan mintuna. A wannan ɗan tsakanin ne zai yi tuƙi, ya tsaya, ya zaga gari, ya nemi abin da zai sa a bakinsa.

Hanyar da nake son mu bi ta tashi daga Würzburg, ta ratsa Rothenburg da Nuremberg da Dachau da Munich, ta ƙare a kan dutsen Obersalzberg da ke bakin iyakar Ostiriya. Duk a cikin jihar Bavariya take, tsawonta kuma wajen kilomita 500 ne. A ido hanya ce ta hasumiyoyi da jajayen rufin gidaje da kasuwannin Kirsimeti masu ƙamshin kirfa. Sai dai kowane gari da ke kanta ya wayi gari a 1945, ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, da tambaya a gabansa: me za a yi da wurin da aka rushe, me kuma za a yi da wurin da aka zauna aka ƙulla mugunta? Kowa da amsar da ya bayar, amsar kuma ta yi ta sauyawa shekara da shekaru. Hunturu ne ya fi nuna su, domin 'yan yawon buɗe ido sun ragu, ganyen itatuwa ya zube ya tona abin da yake rufewa da damina, sanyin kansa kuma yana cikin labarin.

Maganar mota tukuna, a taƙaice. Dokar Jamus ba ta sa ranar da za a ɗaura tayar hunturu ba, yanayin titi take dubawa. Muddin akwai dusar ƙanƙara ko santsi, dole tayoyin huɗu su kasance masu tambarin dutse mai kai uku da ƙwayar ƙanƙara a cikinsa. Wanda aka kama babu su zai biya Yuro 60, a kuma rubuta masa maki guda na laifi. Direbobin can suna da ƙa'idarsu ta baki: daga Oktoba zuwa bikin Ista na Kiristoci. Abin tsoro ma bai kai siririyar ƙanƙarar da ido ba ya gani ba, wadda ke kwanciya a kan gadoji da asuba, ka taka birki mota ta ci gaba da tafiyarta.

Würzburg tana nuna amsa ta farko, wato a sake ginawa. Daren 16 ga Maris 1945 jiragen Birtaniya suka yi mata ruwan bama-bamai na kimanin minti 20. Kusan kashi 90 cikin ɗari na tsakiyar birnin ya ƙone, dubban mutane suka mutu. Fadar sarakunan coci da ke garin ta ci wuta, amma rufin da ke saman babbar matakala bai faɗi ba, da zanen da Tiepolo ɗan Italiya ya yi a jikinsa a 1752 zuwa 1753, inda ya siffanta nahiyoyi huɗu, Afirka a matsayin mace zaune a kan raƙumi. Wani hafsan Amurka, John Skilton, shi ya nemo katako ya yi wa ginin rumfa kafin ruwan sama ya ƙarasa abin da wuta ta bari. Gyaran fadar bai kammala ba sai 1987.

Kilomita 60 kudu da nan sai Rothenburg, garin da hotonsa ke kan kowace takardar tallan yawon buɗe ido. Ganuwa ce zagaye da shi, da ƙofofi, da lunguna masu daɓen dutse, in dusar ƙanƙara ta sauka sai ka rantse shekara 500 ba a taɓa ko tubali ɗaya ba. Alhali ranar 31 ga Maris 1945 jiragen Amurka sun rushe wajen kashi 40 cikin ɗari na garin, mafi yawa ta ɓangaren gabas. Abin da ya ceci sauran shi ne John McCloy, mataimakin sakataren yaƙin Amurka, wanda mahaifiyarsa ta taɓa zuwa garin ta rataye hotonsa a gida. Ya nemi kada a yi masa luguden igwa, aka aika sojoji da farar tuta, garin ya miƙa wuya ranar 17 ga Afrilu. Daga baya aka sake gina abin da ya rushe bisa kamannin da, da kuɗin taimako daga ƙasashe da dama. In ka hau kan ganuwar ka bi doguwar barandarta mai rufi, za ka ga sunayen masu bayar da taimakon a kafe a bango, daga Amurka har Japan.

Ban ga laifin mutanen da suka tada garinsu daga toka ba. Abin da ke damuna shi ne wanda aka bari a waje lokacin da ake gyaran. 'Yan Nazi sun ɗauki Rothenburg a matsayin samfurin garin Bajamushe na asali, suna kwaso ma'aikata a kawo su kallo. A watan Oktoban 1938 aka kori Yahudawan da suka rage a garin, makonni kaɗan kafin a ƙone majami'unsu a faɗin ƙasar. Da aka ƙirƙiro hanyar yawon buɗe ido daga Würzburg zuwa Füssen a 1950, wadda aka sa wa suna Hanyar Soyayya, an yi ta ne don a nuna wa baƙi, ciki har da sojojin Amurka da iyalansu, wata Jamus mai fara'a wadda ba ta san komai ba. Ra'ayin mutanen wancan zamani shi ne na kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba.

A Nuremberg wannan dabara ba ta yiwu ba, domin abin da ke ƙasa ya fi ƙarfin a rufe shi. Fara da babban dandalin kasuwa, inda ake cin shahararriyar kasuwar Kirsimeti. (Mai kiyaye abin da yake ci ya sani: ƙananan tsiren da garin ya yi suna da su naman alade ne, abin sha mai zafi da kowa ke riƙe da kofinsa kuma giya ce. Akwai na yara marar giya, ana ce masa Kinderpunsch.) Wannan dandali unguwar Yahudawa ce a da. A watan Disamban 1349 aka kashe mutum 562 daga cikinsu, aka share unguwar, aka gina coci a gurbin majami'arsu. Kasuwar Kirsimetin ma ta yi shekaru tana yawo a wasu unguwanni, magajin gari ɗan Nazi ne ya dawo da ita nan a 1933, shekarar da aka sa wa dandalin sunan Hitler. Daren 2 ga Janairun 1945 kuma bama-bamai suka mayar da tsohon birnin kufai, mutum wajen 1,800 suka mutu.

Kudu maso gabas da birnin akwai filin da jam'iyyar Nazi ke taronta na shekara-shekara daga 1933 zuwa 1938, mai faɗin murabba'in kilomita 11. A lokacin taron 1935 ne, ranar 15 ga Satumba, aka kafa dokokin da suka cire Yahudawa daga cikakkun 'yan ƙasa suka haramta aure tsakaninsu da sauran Jamusawa. Kafin shekarar ta ƙare an faɗaɗa haramcin auren ya haɗa da baƙar fata da ƙabilar Roma. Ina faɗar wannan ne saboda samarinmu da nake jin suna yabon Hitler a matsayin namijin duniya. A 1937 gwamnatinsa ta tattara ɗaruruwan yaran da sojojin Faransa 'yan ƙasashen mulkin mallaka suka haifa da matan yankin Rhine, aka yi musu aikin hana haihuwa da ƙarfin tsiya. Matsayin da ya ajiye wa mai irin fatarmu ke nan.

To me za a yi da dandamalin duwatsu mai tsawon mita 360 da Albert Speer, mai zana wa Hitler gine-gine, ya zana, inda Hitler ke tsayawa yana jawabi? Birnin ya gwada kusan komai. Tun 1947 ake tsere a kewayensa, na babura da na motoci. A 1967 aka sa nakiya aka tarwatsa jerin ginshiƙan da ke samansa, aka ce sun tsufa suna iya faɗowa, da yawa kuma suka ce kunya ce ake son binnewa. A 1973 dokar kare gine-ginen tarihi ta hana ƙara taɓa shi. Can gefe ga katafaren zauren taron da aka yi niyyar ya ɗauki mutum 50,000 amma ba a gama shi ba. An mayar da shi sito, har a 1987 wasu suka kawo shawarar a mayar da shi cibiyar kasuwanci da shaƙatawa. Sai a 2001, shekara 56 bayan yaƙi, aka buɗe cibiyar bayanin tarihi a cikinsa. Mai zanen, Günther Domenig ɗan Ostiriya, ya ratsa ginin da wata doguwar hanya ta ƙarfe da gilashi a karkace, kamar mashin da aka soke shi da shi.

Dandamalin kuwa ruwa da sanyi suna cinsa, dutsen yana ɓarewa. Nan muhawara ta yi zafi. In aka gyara shi ya koma sabo, an yi wa Speer aikinsa. In aka bar shi ya rushe, dole a killace shi, ya zama kango mai kwarjini irin wanda 'yan Nazi suka yi mafarkin bari. In aka share shi, an ɓatar da shaida. Aka tsaya a kan a kashe wajen Yuro miliyan 85 don a riƙe shi yadda yake, kada ya ƙara kyau kada kuma ya faɗi, mutane su iya hawa su karanta bayani. A ganina wannan ce amsar da ta fi gaskiya. Wanda ya tsaya a wurin da rana tsaka a watan Janairu, iska na kaɗawa, ba tuta ba fitila ba jama'a, zai gane cewa kwarjinin da ake gani a tsofaffin hotuna shiri ne aka yi, da haske da kiɗa da dubban mutane a jere.

A ɗaya gefen birnin akwai kotun da aka yi wa manyan 'yan Nazi shari'a, a ɗaki mai lamba 600. An zaɓi wurin ne saboda ginin bai rushe sosai ba, ga kurkuku manne da shi. An fara ranar 20 ga Nuwamban 1945, aka yanke hukunci ranar 1 ga Oktoban 1946: mutum 12 kisa, bakwai ɗauri, uku aka sallame su. Göring, babban na hannun daman Hitler, ya sha guba kafin a kai shi ga igiya. Ɗakin ya ci gaba da zama kotun yau da kullum har 2020.

Daga nan sa'o'i biyu ba su cika ba ka isa Dachau, kilomita 20 kacal daga Munich. An buɗe sansanin gwale-gwalen ranar 22 ga Maris 1933, ƙasa da wata biyu da hawan Hitler mulki, a wata tsohuwar masana'antar albarushi. Waɗanda aka fara kawowa Jamusawa ne 'yan adawa: 'yan kwaminis, 'yan gurguzu, shugabannin ƙwadago. Nan aka tsara dokokin azabtarwa da aka yaɗa zuwa sauran sansanoni, nan kuma Rudolf Höss, wanda ya shugabanci sansanin kisa na Auschwitz daga baya, ya koyi aiki. Cikin shekara 12 sama da mutum 200,000 suka shiga sansanin da rassansa, aƙalla 41,500 suka mutu.

Wannan wuri ne da ya kamata a gan shi cikin sanyi. Filin ƙirga fursunoni fili ne fetal ba abin da ke tare iska. Kai da ka sa riguna uku da safar hannu da takalmi mai kauri, minti goma sun ishe ka ka fara neman inda za ka fake. Su kuwa safe da yamma suke tsayawa a nan cikin 'yar riga mai ratsi, wani lokaci sa'o'i, in an ce ƙirga bai cika ba. A 1942 wani likitan SS, rundunar 'yan Nazi mai kula da sansanonin, Sigmund Rascher, ya riƙa tsoma fursunoni cikin ruwan ƙanƙara don ya auna tsawon lokacin da matuƙin jirgin da ya faɗa teku zai iya rayuwa, da yawa suka mutu a hannunsa. A ƙarshen Afrilun 1945 aka tasa ƙeyar fursunoni wajen 7,000 a ƙafa zuwa kudu wajen tsaunuka, dusar ƙanƙara ta same su a hanya, wanda ya faɗi a harbe shi. In kana tuƙi a garuruwan da ke kudu da Munich za ka riƙa cin karo da mutum-mutumin tagulla iri ɗaya na mutane a sunkuye suna tafe. Hanyar da suka bi ce aka yi wa alama.

Sojojin Amurka sun shiga sansanin ranar 29 ga Afrilu. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne abin da ya biyo baya. Daga 1948 aka mayar da ɗakunan fursunonin gidajen Jamusawan da aka koro daga gabashin Turai, iyalai suka zauna a ciki shekaru. A 1955 shugaban gundumar ya nemi a rushe gidan ƙona gawa. Waɗanda suka tsira da ransu ne suka haɗa ƙungiya daga ƙasashe daban-daban suka yi ta matsa lamba, har aka buɗe wurin tunawa a 1965. Saboda haka duk lokacin da na ji ana yaba wa Jamus cewa ta fuskanci tarihinta, ina yarda, amma ina ƙarawa da cewa ba da son ranta ta fara ba. An yi shekara 20 ana jan ta, waɗanda aka zalunta ne kuma suka ja.

Har yau ba a gama gardamar ba. A birane da yawa na Jamus za ka ga ƙananan faranta na tagulla a daɓen bakin titi, a ƙofar gidan da aka ɗauke wani, da sunansa da ranar da aka kashe shi. Gunter Demnig ne ya fara su, na 100,000 kuma a Nuremberg aka kafa shi a 2023. Amma Munich ta hana sa su a filin gwamnati, saboda shugabar al'ummar Yahudawan birnin, Charlotte Knobloch, wadda ita ma ta tsira daga kisan, ta ce ba za ta yarda a riƙa taka sunayen mamata da takalmi ba. Can a jikin bango ko a kan ginshiƙi ake sa su. Kowane ɓangare yana da hujjar da ba a raina ta.

Daga Munich babbar hanya mai lamba A8 ce za ta kai ka gabas. Akwai maganar da ta zama ruwan dare cewa Hitler ne ya ƙirƙiro irin waɗannan hanyoyi. Tun 1926 akwai ƙungiyar da ke zana su, kuma hanyar Cologne zuwa Bonn a watan Agustan 1932 Konrad Adenauer ya buɗe ta yana magajin garin Cologne, kafin 'yan Nazi su karɓi mulki. Abin da suka yi shi ne ɗaukar shirin suka mayar da shi farfaganda. Wannan ta A8 shaida ce: da gangan aka haurar da ita kan tudun Irschenberg aka kuma bi da ita gaɓar tafkin Chiemsee, don direba ya ga tsaunukan Alps sun buɗe a gabansa ya ji ƙasarsa ta burge shi. Har gobe in sama ta washe abin yana aiki. Tudun kuma har gobe yana wahalar da manyan motoci in ƙanƙara ta sauka.

Berchtesgaden ƙaramin gari ne a ƙarƙashin dutsen Watzmann mai tsayin mita 2,713, ana haƙar gishiri a cikinsa tun 1517. Daga garin hanya mai tsananin hawa ce ke kaiwa Obersalzberg. Hitler ya fara zuwa nan a 1923, ya kama hayar wani gida a 1928, ya saye shi a 1933, ya faɗaɗa shi ya zama Berghof. Hadiminsa Martin Bormann ya tilasta wa manoma da masu masauki sayar da gidajensu, aka kewaye dutsen da waya. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu na zamanin mulkinsa a nan Hitler ya yi shi. Nan ya tsorata shugaban gwamnatin Ostiriya a Fabrairun 1938, nan Chamberlain, firayim ministan Birtaniya, ya same shi a watan Satumba, nan ya tara janar-janar ɗinsa ranar 22 ga Agustan 1939, kwana goma kafin a afka wa Poland. Tsakanin Mayu da Yulin 1944, lokacin da aka kwashi Yahudawan Hungary sama da 430,000 a jiragen ƙasa, mafi yawansu zuwa Auschwitz, yana zaune a wannan dutse. Hotunan da aka riƙa rabawa jama'a kuwa na mutum ne mai shafa kan yara da wasa da kare.

Mafi yawan baƙi gidan da ke can ƙololuwa suke zuwa gani, Kehlsteinhaus, a tsayin mita 1,834, wanda ake shiga ta rami a cikin dutse sannan lif ya ɗaga mutum mita 124. Hitler bai cika zuwa can ba. Gidan cin abinci ne yanzu, kuma a rufe yake daga ƙarshen Oktoba zuwa Mayu saboda ƙanƙara. Ni ina ganin wannan rufewa alheri ce ga matafiyin hunturu, don tana mayar da shi ƙasa inda ainihin abin ya faru. Jiragen Birtaniya sun yi wa Obersalzberg ruwan bama-bamai ranar 25 ga Afrilun 1945. Ranar 30 ga Afrilun 1952 aka tarwatsa abin da ya rage na Berghof, aka shuka itatuwa a kai don kada ya zama wurin ziyara. Hakan bai hana masu ziyarar zuwa ba, kantunan garin kuma suka yi shekaru suna sayar da 'yan littattafai cike da waɗancan hotuna na yara da kare, ba ko kalma ɗaya a kan waɗanda aka kashe. Sai da sojojin Amurka suka bar wurin a tsakiyar shekarun 1990 gwamnatin Bavariya ta gane cewa shiru ya bar fili ga masu ƙarya. A 1999 aka buɗe cibiyar bayanin tarihi, aka sabunta ta a 2023, tana haɗa wannan kyakkyawan dutse da wuraren da umarninsa ya sauka, irin su Auschwitz da Leningrad. Tana buɗe har cikin hunturu, ana kuma shiga wani sashe na ramukan ɓuya da aka haƙa a ƙarƙashinta. Tafiyar 'yan mintuna a cikin daji za ta kai ka gurbin Berghof, inda ba abin da ya rage sai doguwar katangar siminti da ke tare ƙasa da allon bayani.

Akwai zaren da ya haɗa wannan dutse da ƙasarmu ta Sahel. Sojojin Amurka ne suka fara shiga Berchtesgaden ranar 4 ga Mayun 1945, na Faransa ƙarƙashin Janar Leclerc suna biye da su, a cikinsu har da rundunar da ke ɗauke da sunan Chadi. Asalin wannan runduna Fort-Lamy ce, N'Djamena ta yau. Daga Chadi Leclerc ya tashi da 'yan ɗaruruwan sojoji, mafi yawansu 'yan Afirka, suka keta Sahara suka ƙwace Kufra a kudancin Libiya daga hannun Italiya a farkon Maris 1941, nasarar da ta ɗaga sunan Faransa mai 'yanci, wato Faransawan da suka ƙi miƙa wuya ga Jamus, lokacin da ba ta da komai. A can ya yi rantsuwar ba za su ajiye makami ba sai tutar Faransa ta tashi a Strasbourg. Amma a 1943, da aka zo sake tsara rundunar da tankoki da kayan Amurka don yaƙin Turai, sai aka cire baƙaƙen sojojin aka maye gurbinsu da farare. Sunan Chadi ya shiga Paris a Agustan 1944, ya shiga Strasbourg a Nuwamba, ya hau Obersalzberg a watan Mayu, mutanen da suka ɗauko shi daga bakin kogin Shari kuwa an bar su a baya.